Masu Jinyar Tsohuwar Kwamfuta

Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke mutuwa a hannunmu, masu jinya ne ke ƙarasa su, kuma galibi ciwonsu ɗaya ne: ƙyuyar karanta takardar da ke manne a jikin fawa saflai, akwatin nan da ke raba wa na'ura wuta.

Shugabansu shi ne Alhaji Wat Dubu. A wurinsa babbar lamba ita ce lafiya, don haka sai ya sayo wa kwamfutar zamanin Pentium III ko Athlon XP sabon akwati mai wat 700, ya harɗe ƙafa yana jiran godiya. Alhali irin waɗannan na'urori galibi ta layin bolt 5 suke shan wuta, sabbin akwatuna kuwa a layin bolt 12 suka tara ƙarfinsu, tun bayan zuwan Pentium 4. Sau da yawa abin da sabon ke bayarwa a bolt 5 bai kai na tsoho mai wat 300 ba. Za a ce ai yawa ba laifi ba ne, na'ura iya cikinta take ɗiba. Haka ne, amma randa cike da man gyaɗa ba ta kashe ƙishirwa. Kishiyarsa Malam Araha ya fi ban tausayi: akwatinsa an rubuta wat 500, ka ɗaga shi ka ji kamar gwangwanin madara da aka shanye.

Sai Sarkin Sauri, wanda ke kawo kwamfutar gwanjo daga Amurka ya jona nan take. Ɗan jan makunnin da ke baya yana kan 115, wutarmu kuwa 230 ce. Fat! Hayaƙi ya tashi, ya hau tsine wa NEPA. Ƙaninsa Ai-Ya-Shiga ya yi imani duk filogin da ya shiga rami ɗan gida ne, bai san wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 sun sauya jerin wayoyinsu ba, kamanni ɗaya, aiki daban.

Mai Fanka Biyar shi ne ya fi kowa hujja, domin zafin watan Afrilu a Sakkwato yakan haura digiri 40. Sai dai duk fankokinsa ciki suke hurawa, babu mai fitarwa, iska mai zafi na ta kewaye kamar baƙon da ya rasa ƙofa. In kwamfutar ta ci gaba da mutuwa, ya cire murfin gefe ya saita mata fankar ɗaki, shi ya zauna yana gumi. Da ya leƙa ƙarƙashin fankar furosesa, da ya tarar da ƙurar hunturu uku ta dunƙule kamar audugar katifa, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe ƙayau.

Mai karatu, kafin ka nufi kasuwa, zare wayar wuta, ka share ƙurar da tsohon buroshi, sannan ka duba amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin bolt 5.