Masu "In Sha Allahu" da Sauran 'Yan'uwa

Iskar farkon damina ba ta yin sallama. Daren da ta zo unguwarmu, ta yaye kwanon ajujuwa biyu na Islamiyya, ta nannaɗe shi kamar tabarma ta jingine a bayan masallaci. Ana idar da sallar asuba aka yi zama, aka ce a buɗe gidauniya, kafinta ya lissafa bandir na kwano da katako da kusa. Sai liman ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake da jama'a..." Kafin in ce uffan an ɗora mini littafi mai layi da biro a cinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ne. Amma zaro sauran hannuwan daga aljihu, nan ake yin ta.

Da ma baƙi zan roƙa, da da sauƙi. Baƙo ko ya ba ka, ko ya ce "sai haƙuri", ku rabu lafiya. Naka kuwa kunya ba ta barinsa ya ce a'a, don haka sai ya ɗinka wa a'ar babbar riga har da aiki a wuya.

Mafi yawan jama'ata 'yan "in sha Allahu" ne, kuma cikin mako biyu na koyi rarrabe ta kamar yadda mai hatsi ke rarrabe gero da maiwa. Akwai gajeriya, wadda ake faɗa hannu na laluben waya. Wannan kuɗi ne. Akwai mai biye da "ƙarshen wata". Wannan rabi da rabi. Sai doguwar, wadda ake ja kamar kiran sallar farko, ido a rufe, ana gyaɗa kai, a ƙare da "ai wannan aikin namu ne". Idan ka ji ta, ɗauki takalminka. Wani ɗan baffana ya yi mini irinta sau huɗu, kowacce ta fi ta baya tsawo.

Sai Alhajin ranar ƙaddamarwa. Mun kafa rumfa, mun yi hayar kujeru da lasifika, mai shela yana ta zuba kirari. Alhaji ya miƙe, ya gyara malum-malum, ya ce shi a madadin kansa da iyalansa ya ɗauki nauyin kwanon gaba ɗaya. Aka yi kabbara har tattabarun kan masallaci suka tashi. Na rubuta da babban baƙi, na ja layi biyu a ƙasa. Tun daga ranar Alhaji ya koma aljani. In na je da safe bai fito ba, in na je da yamma yanzun nan ya fita, in na je da dare yana ganawa da baƙi. Maigadinsa har ya saba da ni, yana ajiye mini benci. Wata rana ina zaune na hango labulen bene yana motsi, maigadin ya bi idona ya ce, "Iska ce." Na ce na san ta, ita ta kawo ni. An ce alkawari kaya ne, to shi Alhaji ya sauke nasa a kaina.

Akwai kuma mai netwok. "Haba Yaya, bai shigo ba? Tun jiya fa na tura!" A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, ana kwana a layin banki, taransifa tana maƙalewa kwana da kwanaki, wannan bawan Allah gaskiya yake faɗa. Tun daga nan ya riƙe uzurin kamar gonar gado. Har hoton rasit yake turowa, sai ka ƙura ido ka ga kwanan watan na bara ne. In ka matsa ya ce zai je banki ya yi musu rashin mutunci, kai ne ma za ka koma ba shi haƙuri.

Mai addu'a ba ya ɓata lokaci. Ana saka sanarwa a zauren WhatsApp na dangi, shi ne na farko: hannuwa biyu a ɗage, fure, da "Allah ya ba da ikon taimakawa". Wa zai ba ikon, bai fayyace ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai juya akala, domin shi kaɗai ne ke rage abin da aka tara. Wani kawuna ne. Na shiga na durƙusa na gaishe shi, ban kai ga buɗe littafi ba ya ce, "Ɗan nan, Allah ne ya kawo ka." Ya faro daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, ya bi ta kuɗin mota, ya sauka kan kwanon masara, ya ratsa ta maganin hawan jini, ya tsaya a kan kuɗin jarrabawar autansa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba ta da magani. Na fito na bar masa dubu biyu daga aljihuna, ya rako ni har ƙofar gida yana sa mini albarka, ya ce in gaida liman, aikin lada muke yi.

Shi kuwa mai fatawa sai ya gyara zama ya tambaye ka, "Wannan zakka kuke karɓa ko sadaka?" In ka ce zakka, ya karanto maka mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, ya nuna maka babu kwanon rufi a cikinsu. Kuma bai yi ƙarya ba, malamai da yawa haka suka tafi. In ka ce to sadaka ce, ya ce ai sadaka ganin dama ce, ba a bin mutum gida a kanta. Ƙofa biyu ya buɗe maka, kowacce waje take kaiwa. Ƙaninsa shi ne mai shawara: ku rubuta wa ɗan majalisa, ku nemi Ɗangote, ku yi bidiyo ku sa a Facebook. Da shawara tana rufe ɗaki, da mun yi bene.

Ban manta da odita ba. Dubu ɗaya ya bayar, ya sa na rubuta a gabansa, ya duba ko sifilin ya cika uku. Daga ranar ya zama shugaban kwamitin bincike da babu wanda ya naɗa. Ya je kasuwa da kansa ya tambayo kuɗin kusa. Ya tare ni a bakin masallaci a kan naira hamsin da ta yi giɓi, na yi masa bayanin cewa harajin da banki ke cira ne a wancan lokacin idan kuɗi ya shigo daga dubu goma zuwa sama. Ya ce to a kawo shaida a rubuce. Ni da nake zuba man babur ɗina kyauta, yau ni ake yi wa kallon ɓeran masallaci. A nan na gane dalilin da ya sa duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a yake saurin furfura.

Sai "wani bawan Allah". Ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce kada a ambaci sunansa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Na rubuta yadda ya ce. Kafin la'asar mai shayi ya sani, mai wanki ya sani, har da adadin. Da aka karanta sunaye ranar Juma'a aka zo kan "wani bawan Allah", sai ya yi gyaran murya mai ƙarfi ya sunkuyar da kai, sahu uku suka waiwayo.

Kada in cika baki, ni ma ba tsarkakakke ba ne. Ana cikin haka wani abokin aikina ya zo da takardar gidauniyar masallacin garinsu. Sai ji na yi bakina yana jan "in sha Allahu", ido a rufe. Doguwar.

Inna mai ƙosai ban ma sa ta a lissafi ba. Ita ta kira ni, ta kwance bakin zani, ta ƙirgo tsofaffin ɗari bibbiyu masu ƙanshin mai guda biyar, ta ce jikokinta uku a ajin suke. Sannan ta ce in karanta mata sunayen waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba. Na ce, "Inna, ai sirri ne." Ta ce, "Sirrin da aka faɗa a lasifika?" Washegari duk wanda ya aiko sayen ƙosai, da saƙo yaronsa ke komawa: "Ka ce wa babanka Inna na gaisuwa, ta ce yaya maganar kwano?" Abin da na kasa karɓowa a mako shida da babur, ta tattaro fiye da rabinsa a kwana huɗu ba ta tashi daga gaban kasko ba. Mai netwok ma netwok ɗinsa ya warke.

Alhaji ne kaɗai ya gagare ta, don shi ba ya cin ƙosai. Amma ranar da aka gama rufi aka kira walima, sai ga shi da wuri, a kujerar gaba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban kwanon, sannan ya yafito ni. Na matso da littafina a buɗe, gabana na faɗuwa. Ya ce, "Malam, wa ya zaɓo muku wannan kwanon? Ai da kun tuntuɓe ni, da mai kauri muka sa."