Lissafin Ƙarfin Wanda Ya Faɗi

Zaɓen fid da gwani, wato zaɓen da jam'iyya ke yi a cikin gida domin tsayar da wanda zai riƙe mata tuta, ya haifar da wani fannin ilimi da ba a koyarwa a jami'a, amma malamansa sun cika majalisun shayi daga Zauro zuwa Birnin Kebbi. Fannin ya ginu ne a kan ƙa'ida guda, cewa ƙarfin ɗan takara yana ƙaruwa daga ranar da ya faɗi.

A watan Oktoba na 2018 jam'iyyar PDP ta taru a Fatakwal domin fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, inda Atiku Abubakar ya samu ƙuri'u 1,532, Aminu Waziri Tambuwal ya bi shi da 693, shi kuwa Kabiru Tanimu Turaki, ɗan Birnin Kebbi kuma tsohon ministan ayyuka na musamman, ya tashi da 65. A wurin mai ƙaramin sani, 65 ba ta kai 1,532 ba. Sai dai masanin majalisa, bayan ya kurɓi shayin da bai biya ba, yakan bayyana cewa ƙuri'un nan na daliget ne, wato wakilan da jam'iyya ke turawa su yi zaɓe a madadin 'ya'yanta, kuma daliget ɗin da ya zaɓi ɗan gida tsakani da Allah ya yi, don haka kowane ɗayansu yana ɗauke da ƙaramar hukuma guda a aljihu, alhali sauran 1,532 ɗin ko matansu ba za su iya kawowa rumfar zaɓe ba. Da Muhammadu Buhari ya lashe zaɓen 2019, har da jihar Kebbi, sai aka samu hujjar da ta rage: «Ai da namu aka ba tikitin!»

Ƙa'idar tana da inganci sosai, domin ba a taɓa gwada ta ba, kuma babu hanyar gwada ta. A bikin kamun kifi na Argungu sai an ɗora giwan ruwa a kan ma'auni kafin a ba da kyauta, kuma alƙalan gasar a kogin Matan Fada ba sa sauraron masuncin da ya rantse cewa wani ƙato ya goge masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa; majalisa kuwa da irin wannan rantsuwar take yanke hukunci. Mafi zafin masu muhawarar galibi shi ne wanda katin zaɓensa ke ofishin INEC har yanzu, yana jiran ya gama shirya wa ƙasa shugaba kafin ya je ya karɓa.