Akuya a Layin Raƙuma

Motar ba tawa ba ce. Mijin yayata ne ya sayo wata bas 'yar Kwatano, ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa katifa da darduma, har da ɗan risho. Da hutun Sallah na are ta, zan kai iyali su ga dam ɗin Tiga, aikin zamanin Audu Bako, mu zarce tsaunukan Riruwai. Gargaɗinsa ɗaya tal: "Gas take sha, ba fetur ba."

A Kwanar Dangora na karya kan mota na shiga wani gidan mai. Famfon gas yana can lungu, tireloli sun yi masa rumfa. Na kutsa tsakanin mai ɗauke da shanu da mai ɗauke da siminti, ina ta gyara zaman hula.

Ashe famfon na manya ne. Bakin tiyon ya yi kaurin taɓarya, ya ƙi shiga tankin. Wani karen mota, yaro baƙi wuluk da mai, ya ce, "Yallaɓai, bari in yanko maka gora mu yi mazurari." Ni da na shekara goma sha biyu ina koyar da kimiyya? Na ce ya bar shi. Na karɓi tiyon daga hannun mai zubawa, na saita, na matsa.

Shi gas kumfa yake yi, kuma wannan famfon tankin tirela ya saba cikawa. Abin ya yi tsartuwa ya dawo mini, daga hula har takalmi. Shaddar Sallar ke nan. Direbobin da ke shan shayi suka ce "Sannu, Alhaji" da murya ɗaya, irin sannun da gara zagi.

Kunya ta sa na biya na figi mota, ko allurar mai ban duba ba. Rabin abin da na saya yana jikin rigata.

Mun wuce Tudun Wada lafiya. A tsakiyar dajin Falgore, dab da magariba, motar ta yi tari uku ta mutu. Uwargida ta fara Hasbunallahu. Wani mai babur ya taimaka da galan guda a kuɗin biyu, na ɗura, na murza makulli. Shiru. Injin gas in mai ya ƙare ƙaf sai ya zuƙi iska, kuma sai an fitar da ita mai zai wuce. Wannan ma ban taɓa koyar da shi ba.

Can sai ga tirelar siminti ta tsaya. Yaron nan ya diro da sifana. Ya sassauta noti a kan filta, ya nuna mini ɗan famfon hannu, ya ce in yi ta dannawa har kumfa ta daina fita.

Na tsaya naɗe hannun riga.

"Bar ta kawai, Yallaɓai," in ji shi. "Ai ita ta riga ta sha nata."