Jirgin Ƙasa ko Shatar Mota: Rabe-raben Kanawa Tsakanin Makka da Madina

Tun daga watan Oktoba na 2018, lokacin da jirgin ƙasa mai gudu na Haramaini ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Makka da Madina, magidantan cikin birnin Kano masu kwasar iyali zuwa Umara a dogon hutun makaranta suka sami mas'alar da ake tafka muhawara a kanta a soro tun kafin biza ta fito: ko dai a yanki tikitin jirgin da yake cinye kilomita 450 cikin sa'a biyu da 'yan mintuna, ko kuwa a yi shata, wato a ɗauki mota sukutum da direbanta, a shafe sa'a huɗu ko biyar a kan titi. Da yake hutun yakan faɗo a watan Agusta, sa'ad da zafin Makka yake haura digiri 40, wasu sukan ƙara da ziyarar Ɗa'ifa, garin tuddai mai sanyi da gonakin inabi da rumman da furen wardi, inda layin dogo bai kai ba. Yadda ake yanke wannan hukunci ya fi tona halin matafiyi bisa ga bayyana fifikon abin hawa.

Wanda aka fi jin muryarsa shi ne mai lissafi, galibi ɗan kasuwar Kurmi, wanda duk riyal ɗin da aka ambata masa sai ya juya shi zuwa naira a farashin Wapa, matattarar 'yan canji da ke Fagge, kafin ya amsa. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin jirgi kai yake ƙirgawa, mota kuwa kuɗinta ɗaya ne ko mutum uku ne ko bakwai. Sai dai ainihin abin da ya raba shi da jirgi bai shafi lissafi ba: a wurin sayar da tikiti babu tayi, babu albarka, babu sallamawa, kuma cinikin da ba a ja ba a wurinsa asara ce ko da ya yi araha. Yakan gwammace ya tsaya rabin yini a rana yana jayayya da wani direba Bahaushe mazaunin Makka, yana cewa "Haba ɗan'uwa, ai duk gida ne," har a rage masa abin da bai kai kuɗin ruwan sanyin da yara suka sha suna jiransa ba.

Hajiya mai tsaraba ba ta shiga muhawarar, domin ta san kayanta ne za su yanke hukunci. Ƙa'idar jirgin babban akwati ɗaya ne da bai wuce kilo 25 ba, sai jakar hannu, alhali a jakar hannun tata akwai takarda mai sunayen dangi da maƙwabta daga Yakasai zuwa Mandawari har Koki, kowa da abin da aka rubuta a gabansa: dabinon ajwa, abaya, jallabiya, carbi, darduma, turaren wuta. Jakunkunan bakko da ta zo da su a naɗe a ƙasan akwati sukan kumbura ɗaya bayan ɗaya a kasuwannin Madina, kuma duk bayanin da maigida zai yi game da awon kaya amsarsa guda ce: "Alhaji, da wane ido zan kalli mutanen gida?"

Akwai kuma wanda tasha ta rena, wanda ya tashi ya ga mota a Ƙofar Wambai ba ta tashi sai ta cika, kuma ɗan kamasho yakan bi fasinjan da ya tafi cin abinci ya kira shi. Jirgin da ya sani shi ne na layin da ya iso Kano a 1911, wanda masu jiransa sukan zo da tabarma da buta, don haka lokacin da aka buga a tikiti a ganinsa ƙiyasi ne. Yakan isa tashar Rusaifa a Makka cikin natsuwa daidai sa'ad da jirginsa yake shiga Jidda, ya tsaya yana mamakin rashin ladabin abin hawan da bai jira dattijo ba.

Matashin da ya karɓi motar haya daga kamfani don ya tuƙa da kansa ya fi kowa ban tausayi, domin ya koyi tuƙi ne a tsakanin 'yan adaidaita sahu a Ƙofar Mata, inda ham da ɗaga hannu suke warware kowace matsala. Titunan Saudiyya suna ƙarƙashin Sahir, wato tsarin kyamarori masu ɗaukar lambar duk motar da ta wuce ƙa'idar gudu ko ta keta jar danja, kuma kyamara ba ta jin "a yi haƙuri, baƙo ne." Yakan hau hanyar Hada mai kwane-kwane zuwa Ɗa'ifa hannunsa na jiƙe da gumi, mahaifiyarsa a baya tana salati, birai kuma suna zaune a gefen titi suna jiran a sauke gilashi su warce ledar ayaba. Labarin tarar yakan riske shi bayan ya dawo Kano ya gama ba abokai labarin ƙwarewarsa.

Dattijon gida yana da hujjar da ta fi ta kowa nauyi, ko da yake da mita yake gabatar da ita. Kakansa ya bi ta Maiduguri da Fort Lamy da Sudan ya shekara a hanya kafin ya ƙetare Bahar Maliya, saboda haka tafiyar da ta ƙare kafin shayi ya huce ba ta kwanta masa ba. Yana so a tsaya masa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, wato iyakar da mai nufin Umara yake ɗaura niyya, ya sauka ya yi wanka da nafila a masallacin, maimakon ya shiga jirgi da haraminsa ya jira sanarwar lasifika. Yana kuma so a ratse ta Badar, inda jirgi ba ya tsayawa, kuma a nan babu mai iya ja da shi.

Ba za a manta da mashawarcin majalisa ba, wanda fasfo ma bai taɓa yi ba, amma ya haddace jadawalin jirgin daga bidiyon WhatsApp kuma yakan gyara wa waɗanda suka hau shi kuskurensu.

A gidan da ya haɗa irin waɗannan mutane akan ƙare da sulhu: maigida da yara su hau jirgi, Hajiya da dattijo da jakunkuna su bi motar shata, mai lissafi kuma ya biya kuɗin duka biyun.