Alhaji, Ina Buroshin Bara?

Na san abin da za ku ce: duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa, a rasa abin magana sai buroshin fenti? To, na ji. Amma Alhaji, tsakaninka da Allah, ina buroshin da ka saya bara da za a gyara ɗakin amarya? Kada ka wahalar da yaro wajen nema. Yana bayan randa, ya sandare kamar bandar kifi. Sallah na matsowa za ka sake nufar kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayo sabo, kana tafe kana mitar tsadar kaya.

Wai ai wankin buroshi aikin mai fenti ne. Mai fenti ya karɓi kuɗinsa ya hau babur, kaya naka ne.

Abin ma ba wani wahala gare shi ba, a dai yi shi ranar da aka gama aiki. Fentin ruwa, irin na bango, ruwa da sabulu kawai yake so, amma tun yana ɗanye. In ya bushe ko kwana ya yi a jiƙe ba zai saki ba. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa sai kananzir ko tina, sannan a bi da sabulu. A matse, a taje gashin da tsohon mataji. Ramin nan da ke jikin mariƙin buroshi, kun ɗauka ado ne? Don ƙusa aka yi shi. A rataye gashi na kallon ƙasa, yadda ruwa ba zai kwanta a gindin ƙarfen ya yi tsatsa ba. Wanda ya tsayar da shi cikin gwangwani a kan gashinsa, zai tarar ya lanƙwashe, kuma ba ya miƙewa. Da ya bushe a naɗe shi da takarda saboda ƙurar hunturu. Rola ma a kankare ta da bayan wuƙa kafin wanki, za ku sha mamakin fentin da ta shanye.

Ragowar fenti fa? Goge bakin gwangwanin, shimfiɗa leda, mayar da murfi, ɗora guntun katako ka buga a hankali. Iska ce ke sa ya yi ɓawo. Kada a kai shi sito mai rufin kwano, inda zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, kada kuma a dire shi a ƙasa danshi ya cinye gindinsa. A ɗiga launin a kan murfi, a rubuta ɗakin da aka shafa wa. Kuna dariya ko? Je ka shago ka ce a ba ka "kalar madara", ka ga iri nawa za a jero maka.

Hajiya, na ga ke ma kina ƙyaƙyatawa, matso kusa. Bokitin fentin nan mai lita 20 tun kafin a ƙarar da shi kika sa masa ido. Wanki da shara, bismilla. Jiƙa gero da ruwan sha, a'a, balle gwangwanin fentin mai. Wasu fentin mai na ɗauke da dalma, shi ya sa Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978. Abin da dalma ke yi wa yara kuwa mun gani a Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito.

Nan kam zan ajiye wasa. Kananzir ko tina a robar lemo, yaro ɗan shekara biyu bai san bambanci ba. In ya sha, ba a ɗura masa manja, ba a sa shi amai, don huhu abin zai faɗa. Asibiti ake nufa. A ajiye su sama, a kulle, nesa da murhu da janareta. Tsumman da ya sha mai kuma a baza shi waje ya bushe, in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta.

Saura maƙwabci mai aro. Wannan kam ba ni da maganinsa, sai dai ka rubuta sunanka da fenti a jikin tsani, manya-manya, yadda za a iya karantawa daga kan katanga.