Na Iya Kamawa, Ban Iya Cirewa Ba

Akwai tsoron da in ka faɗe shi a majalisa za a jinjina kai a ce Allah ya kiyaye, akwai kuma wanda sai an nemi bango an jingina saboda dariya. Nawa na biyun ne. Ni haifaffen Gummi, wanda ya tashi da ƙarnin gulbi a riga, ga furfura ta cinye rabin gemu, ba na iya taɓa kifi mai rai. Soyayye kam a kawo, banda a kawo, a miya har kan nake tsotsewa. Amma muddin yana motsi, yana buɗe baki yana rufewa, to ni da shi sai kallo daga nesa.

Da ruwan nake tsoro, da da sauƙi. Gulbin Zamfara ba abokin wasa ba ne. Ya ratso ƙasar Anka da Bukkuyum, ya biyo ta wajenmu, ya nufi Jega kafin ya faɗa gulbin Sakkwato, kuma in ya kawo a tsakiyar damina ko dattijo sai ya yi addu'a kafin ya sa ƙafa a jirgi. A watan Satumba na 2024 kwale-kwale ya kife da manoma masu hayewa gona a Gummi, aka rasa rayuka da yawa, Allah ya jiƙansu. Wanda ya ce yana shakkar wannan ruwa, ba mai ganin laifinsa. To ni iyo tun kafin a sa ni boko na iya shi. Abin da ke cikin ruwan ne damuwata, shi ma sai ya fito tudu.

Lokacin da muke yara Zamfara ba ta zama jiha ba, sai a 1996, duk muna ƙarƙashin Sakkwato. Da an tashi makarantar allo sai mashaya, inda masu fito ke ɗaure jirage a jikin turaku, ana sauke buhunan shinkafa, mata na wanki can gefe, jakuna na jiran kaya. Akwai wani tsohon jirgi da ya fashe aka jawo shi baki, rabinsa a ruwa rabinsa a yashi, shi ne wurin zamanmu. Kayan aikin ba yawa: sanda mai lanƙwasa, zare, ƙugiya daga mai tebur, sai guntun totuwar kara da ake ɗaurawa don ta nuna an ci. Tana kuwa mu haƙo ta a inda ruwan wanki ke kwantawa. Abin mamaki, tana ba ta taɓa damuna ba. Sai in tsinka ta biyu da farce in zura a ƙugiya ina hira.

Kuma ba yabon kai ba, na iya fatsa. Daga rawar totuwa nake gane wanda ke ƙasa. Karfasa mai tsantseni ce, sai ta yi ta ɗan taɓawa tana saki, totuwar na karkarwa, in ka yi garaje ka fizgi ƙugiya wayam. Tarwaɗa ba ta da wannan ladabi, lokaci guda za ka ga totuwa ta nutse zare ya miƙe. Sai in fizga, kifi ya tashi sama ya faɗo tim a kan yashi yana birgima, yara na ihu. A daidai nan ne kullum mazagin wandona ke kwancewa. Ko in hango wani abu muhimmi a tsallake. Ko ƙaya ta soke ni a ƙafa, a wurin da ko ciyawa babu.

Ƙanena ne ya fara ganowa, yaron da ko wanka bai iya yi wa kansa da kyau ba. Bai tona ni ba, da yake tun yana ƙarami ya san darajar asiri. Muka yi yarjejeniya: ni in kama, shi ya cire, ya ɗauki ɗaya cikin uku. Damina ba ta fita ba farashi ya koma rabi. Daga baya kuma shi ke fara zaɓa.

"Yaya, wagga babbar tawa ce."

"Kai, ni fa na kama ta!"

"To cire ta da kanka."

Shi ke nan magana ta ƙare. Yau ɗan kasuwa ne, yana sayen hatsi a ƙauye yana kaiwa birni, kuma duk mai mamakin yadda ya iya ciniki ya zo ya tambaye ni inda ya yi karatu.

Na daɗe ina ba kaina uzuri da cewa kifin gulbinmu ba na taɓawa da ka ba ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙurungu na da ƙaya uku, ɗaya a gadon baya biyu a gefe, in ya ji hannu sai ya miƙar da su ya kulle, yana wani gurnani, kuma sukarsa na wuni tana zogi. Gaiwa, wadda ke shigewa laka in fadama ta ƙafe ta kwanta har ruwa ya dawo, in ta kama yatsa ba ta san saki ba. Talibamban ya kumbura ya zuba maka ido. Sai uwa uba minjirya, mai tsattsafo wuta daga jikinta, wadda ke sa ƙato ya yar da koma ya yi salati. Shekara da shekaru in an matsa mini sai in ce ai minjirya ce ta ja ni ina ƙarami, tun daga nan hannuna ya ƙi. Labari mai kyau, har da yadda kafaɗata ta mutu zuwa la'asar. Sai dai kafaɗar ba tawa ba ce, ta wani abokina ce, ni ina kan jirgi ina kallo. Ni ko 'yar karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ba ta da abin cutar kowa, santsin jikinta da wannan bugun da take yi cikin hannu sun isa su tayar mini da tsigar jiki.

Wani tsoho basarke da ke gyaran taru kusa da mu ya taɓa ɗaukar aniyar yi mini magani. Ya kira ni ya ce, "Wanga yaro, kai da ka iya kamu, mi ya hana ka cirewa?" Ya ciro tarwaɗa daga cikin jirginsa, ƙatuwa, ya nuna mini yadda ake yi: ka shafa yashi a hannu don santsi, ka danne kan da tafi, ka sa yatsu a bayan ƙayoyin gefe, sai ta yi laƙwas. A hannunsa kuwa ta yi. Ya ɗora mini. Ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, gashin bakinta ya shafi wuyan hannuna, ban san lokacin da na yi jifa da ita ba, kuma da yake ƙaddara ba ta raina wuri, cikin gulbi ta faɗa. Tsohon ya bi ruwan da kallo, ya dube ni, ya ce, "Tashi ka tai makaranta, ɗana. Allah bai yi ka don wanga aiki ba." Duk cikin masu ba ni shawarar karatu ba wanda na bi maganarsa da sauri irin tasa.

Ranar su kuwa, in rani ya yi ruwa ya janye ya bar tafkuna, Sarkin Ruwa ya ba da izini, gari ya fito da koma da gora, samari na lalube da hannu cikin laka ba su san abin da za su damƙo ba, ni ne mai gadin riguna da takalma. Har yabona ake yi wai ina da amana.

Wannan bai hana ni zama masani a birni ba. In an nuno bikin kamun kifi na Argungu a talabijin, ni ke yi wa abokan aiki bayani: an fara shi a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ga yadda ake kwanciya kan gora, ga yadda ake haɗa koma biyu a rufe giwan ruwa. Da aka ce a bikin 2020 wani ya fito da mai kilo 78, har cewa na yi ai dabara ce ba ƙarfi ba. Suna ta gyaɗa kai, ɗan bakin gulbi na magana. In na je sayen tarwaɗar kiwo kuwa, wadda ake zubawa a roba tana iyo, da makullin mota nake nunawa, in ja da baya wai kada ruwa ya ɓata mini shadda. Uwargida ta gane tun muna amarci, ta kuma yi mini halaccin yin shiru, sai dai duk ranar da muka saɓa, kifi mai rai take aikowa a sayo.

Yanzu yarana sun taso ni gaba, saboda yawan labarin da na cika su da shi, wai in hanya ta yi lafiya in kai su Gummi in koya musu fatsa. Na kira ƙanena na ce ya shirya zai raka mu. Ya ce ba komai Yaya, rabi na nan yadda yake, sai dai yanzu akwai kuɗin mota.