Kansila, Kashin Kare da Kyautar Oscar

Na ga ka tamke fuska, Malam. "Mene ne namu a ciki?" Sassauta, ba ƙuri'arka na zo nema ba, mai neman ƙuri'ar ya rasu tun 1978. Kai da ba a raba ka da hirar siyasa, gyara zama ka ji ta wani kansila.

Harvey Milk ke nan, mai shagon kyamara a titin Castro na birnin San Francisco, Amurka. Bai ɓoye cewa maza yake nema ba, a haka ya tsaya takara. Ya sha kaye a 1973, ya sake sha a 1975 da 1976. Sai a 1977, da aka koma zaɓen gunduma-gunduma, unguwarsu ta tura shi majalisar birni.

Ga Alhaji can yana girgiza kai, wai duk shirin Hollywood ne. Haba Alhaji! Hollywood ɗin da dokar tace finafinanta ta hana ko ambaton maganar neman jinsi har 1961? Da aka sassauta, dubi abin da ta fitar: Advise and Consent na 1962, inda sanata ya kashe kansa don an yi barazanar tona tsohuwar alaƙarsa da wani namiji. Fim ɗin Milk na Gus Van Sant bai zo ba sai 2008, shekara 30 bayan mutuwar mutumin, Sean Penn ya ɗauki Oscar da shi. In shiri ne, lallai masu shirin sun makara.

Hajiya, ke da kika kalli fim ɗin kika share hawaye, kada ki yi wa Alhaji dariya tukuna. Kin fito da zaton Milk ne na farko, ko? Mata biyu sun riga shi tun 1974: Kathy Kozachenko a majalisar birnin Ann Arbor, da Elaine Noble a majalisar jihar Massachusetts. Su dai ba su sami nasu Sean Penn ɗin ba.

Ni abin da ya fi burge ni wayonsa ne. Ya haɗa kai da ƙungiyar direbobin manyan motoci aka ƙaurace wa giyar Coors. Ya kawo dokar tilasta wa masu karnuka kwashe kashin karensu, ya tara 'yan jarida, ya taka kashin a gabansu kamar tsautsayi ne. A 1978 ya yaƙi ƙudurin Briggs na korar malaman makaranta masu neman jinsinsu, ƙudurin ya faɗi. Har Ronald Reagan ya yi adawa da shi. Eh Malam, Reagan ɗin da ka sani.

Inda zargin Alhaji ya kama ƙasa, fim ɗin ya wanke gwarzonsa da sabulu. Milk ya rubuta wa Shugaba Carter wasiƙar kare Jim Jones, jagoran addinin da mabiyansa sama da 900 suka halaka a Guyana. Nemi wannan a fim ɗin, ka dawo ka ba ni labari.

Kwana tara bayan waccan halaka, ranar 27 ga Nuwamba 1978, tsohon kansila Dan White ya harbe Milk da magajin gari George Moscone a cikin ginin majalisar birnin. Wata 11 kacal Milk ya yi a kujera. Kotu ta ce kisan ba shiryayye ba ne, ta yanke wa White shekara bakwai da wata takwas. Biyar ya yi aka sake shi.